Tanadin Tsira a Salaga, Yendi da Bawku

Tanadin tsira shi ne shirin da gida ko unguwa kan yi tun ana zaune lafiya, domin su iya ci da kansu ranar da kasuwa ta watse, hanya ta toshe, ko hukuma ta kasa kawo ɗauki. A arewacin Gana, musamman a Salaga, Yendi da Bawku, shirin ya tsaya a kan ginshiƙai biyar: hatsi a rumbu, ruwa a rijiya, dabba a turke, sana'a a hannu, da dangi a wani gari waɗanda za a iya sauka wurinsu. Al'adar ta girmi mulkin Turawa. Yaƙin basasa, fari, ambaliya, kora da dokar hana fita sun sha gwada ta tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma kowace jarrabawa ta bar alamarta a kan yadda magidanta ke lissafin abincin shekara.

Wuri da yanayi

Salaga tana ƙasar Gwanja, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da Tamale, kuma ita ce hedikwatar Gwanja ta Gabas a yankin Savannah da aka kafa a 2019. Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagbon, tana kusan kilomita 100 gabas da Tamale. Bawku kuwa tana can kusurwar arewa maso gabas, daf da iyakokin Burkina Faso da Togo. Kowane gari yana da 'yan ƙasarsa da harshensu, amma a duka ukun akwai tsohon zango, kuma Hausa ce harshen ciniki tsakanin ƙabilu.

Damina ɗaya ake samu a shekara. A Salaga da Yendi ruwan sama yana kaiwa milimita 1,000 zuwa 1,200, daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. A Bawku yakan tsaya tsakanin milimita 800 da 1,000, kuma daminar ta fi gajarta. Wannan ne tushen lissafin duka: abin da aka girbe a wata biyu ko uku shi za a ci wata goma sha biyu. Lokaci mafi tsanani shi ne daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, wajen Yuni da Yuli, sa'ad da rumbu ya kusa ƙarewa, sabon amfani bai nuna ba, aikin noma kuma yana kan ganiyarsa. Wani masanin labarin ƙasa, John Hunter, ya auna nauyin jikin mutanen Nangodi, a kan hanyar Bolgatanga zuwa Bawku, ya kuma wallafa sakamakon a 1967, inda ya nuna cewa manya kan rame a waɗannan watanni sannan su murmure bayan kaka.

Asali

Tanadin da ake gani yau ya fito daga jijiyoyi biyu. Ta farko ita ce ta manoman ƙasar, wato Gwanjawa, Dagombawa, Nanumba, Konkomba, Kusasi, Mamprusi da Bisa, waɗanda suka gina rayuwarsu a kan rumbu da garke. Ta biyu ita ce ta fatake. Bayan da Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, suka mamaye Gwanja da Dagbon a tsakiyar ƙarni na 18, Salaga ta bunƙasa ta zama babbar kasuwar da goron kurmi ke haɗuwa da ayarin ƙasar Hausa. Wata hanya takan biyo ta Borgu da Sansanne Mango ta sauka Yendi kafin Salaga, wata kuma takan ratso ƙasar Gurma da Moshi ta biyo ta wajen Bawku da Gambaga. Fatake na kawo kanwa, rinannun tufafin Kano, fatu da dabbobi, su koma da goro. Zuwa da komawa yakan ci watanni da yawa, saboda haka madugu ba ya ɗaga ayari sai ya san guzurin kowane zango da inda za a sha ruwa.

A garin da ayari ke sauka, maigida ne ke ba baƙo masauki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Wannan ya tilasta masa ajiye abincin da ya wuce bukatar iyalinsa. Gonakin da ke kewaye da Salaga, waɗanda yawancin masu nome su bayi ne, su ne ke cika waɗannan rumbuna, domin garin babbar kasuwar bayi ce kamar yadda yake kasuwar goro. Wurin da har yanzu ake kira Wankan Bayi shaida ne a kan haka. Tanadin manomi mai nauyi ne, yana nan inda aka gina shi. Na falke mai sauƙi ne, yana bin mai shi duk inda ya nufa: ilimi, sana'a, amana da sanayya. A zangunan garuruwan uku aka haɗa biyun.

Rushewar Salaga ta farko ta zo a 1874, lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka ƙone Kumasi. Gwanja ta yi wa Asante tawaye, Asante kuma ta karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Ta biyu ta fi muni. A ƙarshen 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke iko da Salaga, inda Kabachewura Isifa, da taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo. Aka washe Salaga, mutanenta suka watsu zuwa Kete Krachi, Yeji, Kintampo da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka bar ta har da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano wajen 1858, wanda ya zama limamin Kete Krachi ya kuma rasu a can a 1934. Rumbunan Salaga ba su bi masu su ba, amma zangunan da 'yan gudun hijirar suka kafa sun rayu, domin sun tafi da malamansu, mahautansu, dillalansu da amincin abokan cinikinsu.

Yendi ta ga tata musibar shekara huɗu bayan haka. A ranar 4 ga Disamba 1896 Jamusawa suka ci rundunar Dagbon a Adibo, suka shiga Yendi suka cinna mata wuta. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus har zuwa 1914. Iyakar ta raba gari da gonakinsa, ta raba kasuwa da masu cin ta. Annobar mura ta 1918 da farin ɗango da suka addabi yankin daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa cikin 1930 sun ƙara tabbatar wa magidanta cewa shekarar wadata ba ta da alkawarin maimaituwa.

Siffa

Rumbu shi ne ginshiƙi na farko. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na laka, wanda ake ginawa da ƙasa mai danƙo, sau da yawa ƙasar suri, a cuɗa ta da ciyawa, a ɗora gindinsa a kan duwatsu domin gara da laima kada su kai gare shi, a bar masa baki ɗaya a sama, a rufe da jinka. Akwai kuma na zana, wanda ake saƙawa da ciyawa a ɗora a kan dandamalin itace, wani lokaci a yaɓe shi da kashin shanu. Na laka ya fi tsare hatsi daga wuta, ɓera da ɓarawo, kuma yana daɗewa shekaru idan ana gyara jinkarsa. Na zana ya fi shan iska da sauƙin gini, amma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Gero da dawa ana zuba su da zangarniyarsu ba tare da sussuka ba, domin a haka suka fi jure ƙwari, kuma ba a iya kwasar su da gaggawa. Maigida ne ke buɗe rumbun gandu, shi ke auna wa matan gida abin da za a sussuka na kwanaki. Matan kuma suna da nasu tanadin a ɗaki, a cikin tukwane da randuna, daga abin da suka noma a gayauna ko suka samu ta sana'a. Iri ana ware shi tun a gona: a zaɓi zangarniya mafi cika, a rataye ta a saman murhu inda hayaƙi zai kore ƙwari. Gidan da yunwa ta sa ya ci irinsa ya shiga uku, domin ya haɗa yunwar bana da ta baɗi.

Lissafin magidanci ba shi da wuya. A ƙasashen da hatsi ne abincin yau da kullum, mutum ɗaya yana cin kimanin kilo 200 a shekara. Gida mai mutum goma yana bukatar wajen tan biyu, wato buhu ashirin mai kilo 100, ban da iri, zakka, baƙi, suna da rasuwa. Masara ba ta ajiyuwa sai laimarta ta sauko zuwa kimanin kashi 13 cikin 100. Idan ta wuce haka takan yi funfuna, wadda wani irinta ke haifar da guba mai lalata hanta, kuma gyaɗa ma haka take. Wake ne ya fi saurin cinyewa, shi ya sa ake shanya shi sosai a rana, a cakuɗa shi da toka ko busasshen barkono ko ganyen dogonyaro, a toshe bakin tukunyar da laka.

A Salaga da Yendi doya tana gogayya da hatsi. Ana jera ta a rumfar kara mai inuwa da iska, ko a binne ta a rami a lulluɓe da ciyawa, takan kuma kai wata uku zuwa shida gwargwadon irinta. Pona, wadda ta fi tsada a kasuwa, ba ta daɗewa, saboda haka ita ake fara sayarwa. Rogo kuwa ajiyarsa a ƙasa take: ana iya barinsa a gona fiye da shekara a riƙa tonowa gwargwadon bukata, ko a fere shi a shanya ya zama alabo, wanda a Gana ake kira kokonte, ko a tuya shi ya zama garin kwaki. Tuwon zafi, wanda duk ƙasar Gana ta san shi da sunansa na Hausa, ba ya ciyuwa sai da miya, don haka busasshiyar kuka, kuɓewa, yakuwa da lalo, da daddawar ɗorawa, man kaɗanya, ƙuliƙuli, gishiri, kanwa da bandar kifin tafkin Volta suna cikin tanadin. Akasarin wannan aiki a hannun mata yake, kuma shi ke bambanta gidan da ke cin abinci da gidan da ke cika ciki kawai.

Ruwa ne ginshiƙi na biyu, kuma shi ya fi wuyar ajiyewa. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi a lokacin bala'i shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana. Gida mai mutum goma ke nan yana bukatar lita 150 kullum, abin da duro ɗaya ba zai ɗauke shi kwana biyu ba. Saboda haka dogaro yana kan rijiyar cikin gida ko ta unguwa, da rijiyar burtsatse, da tarar ruwan indararo a damina. Ana yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu saboda ɗimbin rijiyoyin da aka sassaƙa a cikin marmara domin shayar da ayari da kasuwa, kuma wasunsu suna nan har yau. Tafki da kududdufi sun daɗe suna ceton mutane da rani, amma su ne gidan kurkunu. Tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyin burtsatse ne suka kawar da cutar: an ga ta ƙarshe a Gana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita a 2015.

Dabba ce asusun gida, kuma sayar da ita yana da tsari. Kaza da zabo na ƙaramar bukata ne, kamar magani ko kwanon hatsi. Akuya da tunkiya na buhu ne ko kuɗin makaranta. Saniya ba a taɓa ta sai babbar larura, kuma shanun huɗa su ne na ƙarshe, domin sayar da su rage gonar baɗi ne. Fifita dabba a kan takardar kuɗi yana da dalili a tarihi. A 1982 gwamnati ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A Mayu 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan cibiyoyin lamuni 347. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100. Wanda ya ajiye buhun masara ko tunkiya a waɗannan lokuta bai yi asarar da mai ajiyar kuɗi ya yi ba.

Sana'a da zumunci su ne ginshiƙai biyu na ƙarshe. Fawa, ɗinki, ƙira, saƙa, wanzanci, kanikanci da koyar da allo dukiya ce da ba a ƙonewa kuma ba a kwacewa a kan iyaka. Adashi, wanda a Gana aka fi sani da susu, yana tara wa mata jari. Gayya tana nome gonar mara lafiya da ta gwauruwa. Ci-rani zuwa gonakin koko na kudu da kasuwannin Kumasi da Akra yana rage bakin da ke ci a rumbu, ya kuma kawo kuɗi a lokacin da ake bukatarsu, yanzu ta wayar hannu. Aurar da 'ya a wani gari da ajiye ɗa a zangon kudu sukan zama mafaka ranar gudu. Karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ita ce ƙa'idar wannan tsari.

Matsayin addini

Malaman zango suna kafa hujjar tanadi da ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, wanda ya shawarci mutanen Masar su bar hatsin shekarun wadata bakwai a cikin zangarniyarsa domin shekarun fari bakwai, da kuma abin da ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Tanadi a wurinsu bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye abinci a lokacin ƙunci domin farashi ya tashi. Zakkar hatsi tana wajaba idan amfani ya kai wusuƙi biyar, kimanin kilo 650: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala. Ta wannan hanya wani kaso na kowane babban rumbu yakan koma gidajen da ba su da shi tun ranar girbi.

Yaɗuwa da bambanci tsakanin garuruwan

A Salaga abinci bai cika yankewa ba, domin ƙasar doya, rogo da masara ce. Barazanarta ita ce yankewar hanya. Bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya shanye tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale da ke bi ta Yeji da Salaga, ya mayar da ita ta jiran jirgin fito tsakanin Yeji da Makango, manyan motoci kuma suka koma ta Kintampo da Buipe. Ruwan ya cinye tsohuwar Kete Krachi, mafakar 'yan Salaga ta 1892, a cikin aikin da ya tayar da mutum wajen 80,000. Tanadin Salaga saboda haka ya fi karkata ga sarrafa amfanin da ba a samu fitar da shi ba, da ajiye abin da ba a nomawa a wurin.

A Yendi matsala biyu ce: ruwa da rikici. Garin ya dogara da kogin Daka, wanda ke ja baya sosai da rani. A farkon 1994 wata gardama a kan farashin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, ta tayar da yaƙi tsakanin Konkomba a gefe guda da Nanumba, Dagomba da Gwanja a ɗaya gefen, ko da yake ainihin rigimar a kan ƙasa da sarauta take. Aƙalla mutum 2,000 suka mutu, aka rushe ƙauyuka fiye da 400, mutum sama da 150,000 suka bar gidajensu, kuma yaƙin ya shafi kewayen Yendi da Salaga duka. Ya zo da rani, rumbuna da rumfunan doya suna cike, aka ƙone su tare da irin shuka. Waɗanda suka tsira sun rayu a hannun dangi a Tamale, Yendi, Salaga da garuruwan kudu, har aka ƙulla yarjejeniyar Kumasi a 1996. A ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani II a fadar Gbewaa a rikicin gidajen sarauta na Abudu da Andani. Dokar ta-ɓaci da ta hana fita suka daɗe a Dagbon har 2004, kuma ba a naɗa sabon Ya Na ba sai Janairu 2019, lokacin da Abukari Mahama II ya hau bayan sulhun da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya jagoranta.

A Bawku ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan kuma ta gaji, don haka tanadin ya fi tsauri. Gonar da ke kewaye da gida ana zuba mata taki, a shuka gero mai saurin nuna da ake kira naara tare da maiwa da dawa. Naara yana nuna a ƙarshen Yuli zuwa Agusta, daidai lokacin da rumbu ya ƙare, sauran kuma su jira kaka. Noman rani na albasa a bakin kogin Farin Volta da ƙananan madatsu yana kawo kuɗi a watannin da gona ba ta bayarwa. Kogin da ke ciyarwa shi ke cinyewa: a Agusta da Satumba 2007, bayan tsaikon ruwan sama, mamakon ruwa da buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso suka haddasa ambaliyar da ta shafi mutum fiye da 300,000 a arewacin Gana, gidajen laka da rumbuna suka narke. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya fito fili tun 1957, ya yi ƙamari a 2000, 2001 da 2007 zuwa 2008, ya sake tashi a Nuwamba 2021. Dokar hana fita, hana hawan babur da rakiyar sojoji a kan hanya sun sa kasuwar da ke ci duk bayan kwana uku ta raunana. A irin wannan hali magidancin cikin gari yakan ajiye abincin makonni, itace ko gawayi, ruwa da magungunan marasa lafiyar gida. Duk da nasu ƙuncin, ƙauyukan yankin sun karɓi dubban masu gudun hijira daga Burkina Faso, kafin a buɗe musu matsuguni a Tarikom da ke Bawku ta Yamma.

Jarrabawa biyu sun haɗa garuruwan uku. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasar, mutanen zango da yawa suka karyar da kadarorinsu suka tafi. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da Nijeriya ta kora a farkon shekarar. Kasuwanni suka bushe, amma mafi yawan waɗanda suka dawo sun nutse a cikin gidajen danginsu na ƙauye cikin ɗan lokaci, ba tare da an daɗe da su a sansani ba.

Hukuma da sauye-sauyen zamani

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin ɗaga wannan tanadi zuwa matakin ƙasa. A 1972 gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai. A 1996 aka kafa hukumar kula da bala'o'i ta NADMO, a 2010 kuma kamfanin ajiyar abinci na ƙasa, NAFCO. A Agusta 2024, bayan tsaikon ruwan da ya ƙone gonakin arewa, gwamnati ta hana fitar da masara, shinkafa da waken suya zuwa waje. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, mai tasha a Manga kusa da Bawku, tana samar da iri masu saurin nuna. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ya kuma rage dogaro da ƙwayar maganin hayaƙi da ke da haɗari idan aka ajiye buhu a ɗakin kwana. A gefe guda, rumbun laka yana raguwa. Masara da ake zubawa a buhu ta karɓe wurin gero da dawa a gonaki da yawa, bashin taki da kuɗin makaranta kuma suna tilasta wa manomi sayarwa da kaka da araha, ya dawo ya saya da damina da tsada.

Muhimmanci

Shirin tsira daga rushewar al'umma sananne ne a ƙasashen Yamma. A 1961 Shugaba Kennedy ya ƙarfafa wa Amurkawa gina maɓoyar kariya daga makamin nukiliya, Suwizalan ta wajabta irin wannan maɓoya a dokar 1963, fargabar rikicewar kwamfuta a shiga shekarar 2000 da annobar korona ta 2020 kuma sun ƙara yawan masu tara abincin gwangwani da makamai. Galibin wannan shiri an gina shi a kan tsammanin bala'in da bai zo ba, da tunanin mutum ya keɓe da iyalinsa. Na Salaga, Yendi da Bawku an gina shi a kan bala'in da aka gani aka kuma ƙirga asararsa.

Abin da tarihin garuruwan ya nuna a fili yake. Rumbu yana maganin fari da tsadar damina, amma wuta ta cinye shi a 1994, ruwa ya narkar da shi a 2007. Dabba tana maganin faɗuwar kuɗi, amma ana kore ta a yaƙi. Kadara tana da amfani har ranar da aka ce a bar gari cikin kwana 14. Babu ginshiƙi ɗaya da ya tsaya a kowace jarrabawa, kuma babu gidan da ya taɓa wadatuwa da kansa ɗungurungum, domin gishiri, magani da ƙarfen garma daga kasuwa suke zuwa. Gidajen da suka farfaɗo su ne waɗanda suka rarraba tanadinsu tsakanin abin da ake ajiyewa, abin da ake korawa, abin da aka iya da mutanen da aka riƙe da amana. A garuruwan uku asarar da yaƙi ya jawo wa rumbuna cikin 'yan makonni ta ɗauki shekaru kafin a mayar da ita, saboda haka zaman lafiya tsakanin maƙwabta shi ne sharaɗin da sauran tanadin duka ya dogara da shi.